Kafin Ka Sayi Bindigar Harbin Gwangwani

Idan ka kwana biyu a Greensboro, ko a rumbun ajiyar kaya kake aiki ko tuƙi kake yi, ba makawa wata rana wani abokin aikinka zai ce ka zo ku je filin harbi ran Asabar. Zai faɗa maka ne hankali kwance, kamar yadda mutumin Maraɗi zai ce ka zo mu je kallon kokawa. Kai kuwa sai gabanka ya faɗi, don a kunnenka da nawa kalmar "ɗan bindiga" ta daɗe da sauya ma'ana. Da can ƴan bindiga su ne mutanen sarki masu ɗura wa bindigar toka albarushi su tashi gari ranar hawan sallah a Kano ko Katsina. Yau in ka ji kalmar a rediyo sai ka ɗauki waya ka kira gida, ka tambayi lafiyar mutanen Jibiya ko Zurmi ko Madarumfa. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Saboda haka in ka ce kai da bindiga har abada, wallahi ban ga laifinka ba.

Sai dai akwai waɗanda suka amsa gayyatar, suka je, suka harba, abin ya shiga ransu. Su ne ke tare ni bayan sallar Juma'a suna tambaya: Malam, wacce zan saya? Da yake na yi shekaru ina wannan wasa, kuma amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin mota, shi ya sa na zauna na rubuta maka ita. Maganar ƙaramar bindigar nan nake yi da ake kira .22, wadda ake koyon saiti da ita a kan takarda, ake kuma harbin gwangwani don nishaɗi. Maganar tsare gida daban ce, ba ita ke gabanmu ba.

Tambayar farko ba ta shafi bindigar ba ma, takardunka ta shafa. Dokar tarayyar Amurka ta yarda ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin su sayi doguwar bindiga a shago in sun kai shekara 18. Za ka cike fom mai lamba 4473, mai shago ya tura sunanka a bincika a tsarin hukumar FBI da ke aiki tun 1998. Amma wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara, dokar ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi, sai in ya faɗa cikin ƴan keɓe-keɓen da aka yi, kamar mai lasin farauta na jiha da bai ƙare ba. Hanin ya haɗa har da karɓar haya a filin harbi na awa guda. Wanda ba shi da takarda kuwa babu wata ƙofa gare shi. Ƙannenmu da ke karatu a jami'ar A&T ko UNCG su ji wannan da kyau, su kuma sani cewa a Karolina ta Arewa shiga harabar makaranta da bindiga babban laifi ne. Ko mai katin zama na dindindin, in kotu ta same shi da laifin da ya shafi bindiga, ana iya tasa ƙeyarsa gida. In maganar mafakarka tana gaban alƙali, ka ga lauya kafin ka taɓa komai. Sannan kada kunya ta sa ka saya wa wani da sunanka. Mu da al'adar "taimaka min, ɗan'uwa" abin yana da wuyar ƙi, amma tun dokar 2022 wannan taimakon yana iya kai mutum shekara 15 a kurkuku. Ka ce masa a'a, ka saya masa shinkafa in taimako yake nema.

To, in takardunka sun cika, me ya sa kowa ke cewa ka fara da .22? Ka ɗauki harsashinta ka duba gindinsa. Manyan harsasai suna da ɗan maɓalli a tsakiyar gindi inda allurar bindiga ke buga. Wannan kuwa maganin da ke tada wutar an zuba shi ne a cikin leɓen kwanson, zagaye, allura ta daki gefe, wuta ta kama albarushi. Shi ya sa nake ce masa mai bugun gefe. Dabarar tsohuwa ce: wani Bafaranshe, Flobert, ya fara ta a 1845, kamfanin Smith & Wesson ya fito da gajeren .22 a 1857, sannan kamfanin Stevens ya fito da dogon, wato .22 LR, a 1887. Shi ake harbawa har yau. Da yake kwanson siriri ne, ba ya ɗaukar wuta mai yawa, don haka bindigar ba ta dukan kafaɗa, ƙararta kuma da sauƙi in aka gwada da manya. Ga araha: a shekarun nan harsashi ɗaya bai cika wuce santi 10 ba, alhali na babbar bindigar farautar barewa yana haura dala guda. Saiti kuwa maimaici ne. Wanda ya harba 200 a yini ya fi wanda ya harba 20 koyo, kuma aljihunsa bai yi kuka ba. Kada ka raina ta don ƙanƙanta: da ita ake gasar mita 50 a Olamfik, inda da'irar tsakiya faɗinta milimita 10.4 ne kacal. Akwai ƴan uwanta masu bugun gefe, .22 Magnum na 1959 da .17 HMR na 2002. Sun fi gudu, sun fi tsada nesa ba kusa ba, kuma masu farautar ƙananan dabbobi suka fi dacewa da su. Don takarda da gwangwani, ka tsaya a kan .22 LR.

Yanzu sai irin bindigar. In ka shiga shago za ka ga iri uku ne suka cika bango.

Ta farko mai sakata. Kamar sakatar ƙofa take: ka ɗaga, ka ja baya, kwanso ya fita, ka tura gaba, sabon harsashi ya shiga, ka kulle. Kowane harbi sai hannunka ya yi aiki. A nan za ka ga Savage Mark II, mai sauƙin kuɗi da kunama mai daɗin ja. Da CZ 457 ta ƙasar Cek, wadda ta fi tsada amma aikinta ya nuna. Da Tikka T1x ta Finlan. Da Ruger American Rimfire. Wannan ta ƙarshe maƙwabciyarmu ce, don a Mayodan aka fara ƙera ta a 2013, garin da ke arewa da mu a kan hanya mai lamba 220, tafiyar da ba ta kai awa ba.

Ta biyu mai ɗura kanta. Ka ja kunama, ƙarfin harbin ya fitar da kwanso ya saka sabo, ka sake ja. Sarauniyarsu ita ce Ruger 10/22, wadda ke kasuwa tun 1964, da gidan harsashi mai cin 10. An sayar da miliyoyinta, kuma babu wani ɓangare nata da ba za ka sami na canji ba, kamar dai kayan Peugeot a kasuwar Ƙofar Ruwa a zamanin da. A teburin tsofaffin bindigogi kuma za ka riƙa cin karo da Marlin 60, mai ɗura harsashi a bututun da ke ƙarƙashin hanci.

Ta uku ita ce ta kaboyi, wadda muka sani a finafinan da muka kalla muna yara, mai mariƙi a ƙasa da ake turawa gaba a dawo da shi. Henry H001 ce ta fi yawa, tana cin harsashi 15. Daɗin harbi kam ba a magana, in dai gwangwani ne a yadi 25.

In ra'ayina kake so, ka fara da mai sakata. Dalilina uku ne, kuma na gan su da idona a filin harbi. Na ɗaya, tana tilasta maka natsuwa. Mai ɗura kanta tana ruɗin sabon hannu: ya harba goma cikin daƙiƙa biyar, ya ji daɗi, ya je ya duba takarda ya tarar kamar kaji sun yi tsattsaga. Mai sakata kuwa tsakanin harbi da harbi kana da lokacin tambayar kanka me ya faru. Na biyu, ba ta zaɓen abinci. Mai ɗura kanta tana bukatar harsashi mai isasshen ƙarfi kafin ta juya, kuma .22 harsashi ne mai datti, ga kakin da ake shafa wa dalmar, don haka in ba a wanke ta ba sai ta fara sarƙewa. Na uku, wanda ya fi min komai, sakata a buɗe kowa yana ganinta daga nesa. In kana koya wa matarka ko ɗanka, da kallo ɗaya ka san halin da bindigar ke ciki, kuma bayan kowane harbi babu wani harsashi da ya riga ya hau yana jira. Ni tawa Ruger American ce. Na zaɓe ta ne saboda gindinta ana cire shi a sa gajere ko dogo, don haka da ni da babbar ƴata duk tana yi mana daidai, kuma gidan harsashinta ɗaya ne da na 10/22, ko'ina ana samu.

Ba na ce 10/22 ba ta da kyau ba. In niyyarka ka je horon da ake kira Appleseed, wanda ya samo asali a Ramseur, kudu da mu a gundumar Randolph, ita ce za ka gani a hannun yawancin mutane. A can ana harbi a mita 25, a tsaye, a zaune, a kwance, da agogo a kanka, kuma sai ka ci maki 210 cikin 250 kafin a ba ka tambarin gwani. Mai ɗura kanta tana rage maka gaggawa a irin wannan. Ka ga ke nan amsar tana bin abin da kake son yi da ita, shi ya sa nake cewa ka fara yanke wannan kafin ka ciro kati.

Ko wacce ka nufa, ka riƙe ta a shago kafin ka biya. Ka sa gindinta a kafaɗa, bakinta yana kallon inda mai shago ya nuna maka, ka rufe ido, ka kwantar da kumatu, ka buɗe. In idonka ya faɗa daidai kan saiti, ta yi maka. In sai ka miƙa wuya ko ka ɗaga kai, za ka yi ta fama da ita. Ka nemi izini ka gwada kunamar, amma kada ka ja ba tare da an ce ka ja ba, don wasu masu bugun gefe allurarsu tana cin bakin ɗakin harsashi in aka harba su babu komai ciki. Kunama mai kyau tana tsayawa cak, sannan ta karye lokaci guda kamar tsinken ashana. Wadda ke jan ƙafa tana gurzawa, ita ce ke kautar da hanci a daidai lokacin da harsashi zai fita. Ka duba nauyi kuma. Mai kaurin hanci ta fi zama daram a kan tebur, amma in a tsaye za ka yi harbi, ko yaro zai riƙe, hannu zai gaji. Akwai gasar da hukumar CMP ke shiryawa don irin bindigoginmu na gida, inda ƙa'ida ta ce kada bindiga ta wuce laba 7.5, kada kunama ta gaza laba 3, kada madubi ya wuce ninki 6. Ko ba za ka shiga gasar ba, ma'auni ne mai kyau ga bindigar farko.

Maganar kuɗi: wajen dala 300 za ta ba ka Savage ko 10/22 sabuwa, CZ da Tikka kuwa ka shirya ninkin haka ko kusa. Amma kada ka zuba duk kuɗin a bindiga. Araha ba ta ado a wajen madubin hange, kuma ka tabbata na .22 ne. Madubin manyan bindigogi an daidaita shi ne don yadi 100 ko fiye, in ka kalli abu a yadi 25 da shi, da ka ɗan motsa kai sai saitin ya yi yawo a kan takarda. Na .22 an daidaita shi wajen yadi 50, wasu kuma suna da abin murɗawa a gefe. Mai ninki 3 zuwa 9 ya ishe ka. In idonka da sauran ƙarfi ma, ka fara da saitin ƙarfe na wata biyu, za ka gode min.

Harsashi kuma sai ka gwada. Wannan abin yana ba sababbi mamaki: bindigogi biyu, kamfani ɗaya, ƙira ɗaya, amma kowacce da harsashin da take so. Ka sayi ƙananan kwalaye iri huɗu ko biyar, ka zauna a tebur, ka ɗora bindigar a kan jakar yashi, ka harba biyar-biyar a yadi 50. Wanda ramukansa suka taru har kwabon kwata zai rufe su, shi ne abincin bindigarka, sai ka sayi da yawa. Sau da yawa za ka tarar mai matsakaicin gudu, kamar CCI Standard Velocity mai ƙafa 1,070 a daƙiƙa, ya fi masu gudun tsiya taruwa, don tun daga baki yana ƙasa da gudun sauti, ba ya fama da girgizar ƙetare wannan iyaka a hanya. Ka kuma san halinsa: in ka daidaita saiti a yadi 50, a yadi 100 zai sauka wajen inci 6 zuwa 7, kuma iska ƴar kaɗan tana tura shi gefe. Koyon karanta wannan shi ne rabin daɗin wasan.

Ina za ka harba? Ba a bayan gidanka ba, don dokar birnin Greensboro ta hana harbi a cikin gari. Akwai filayen cikin gini na kuɗi a nan birni, akwai kuma na hukumar kula da namun daji ta jiha, kamar wanda ke Caswell kusa da Yanceyville, da Flintlock Valley a dajin Uwharrie. Ka duba ranakun buɗewa da ƙa'idarsu kafin ka kama hanya, don filaye da yawa takarda kawai suke yarda da ita. Harbin gwangwani na ainihi sai a gonar wanda ya ba ka izini a wajen gari, inda dokar gunduma ta yarda, kuma lallai da tudun ƙasa a bayan abin da kake harbi. Karanta jikin kwalin harsashin, za ka ga gargaɗin cewa yana da haɗari har mil ɗaya da rabi, fiye da kilomita 2 ke nan. Yana kuma tsalle in ya daki dutse, ko busasshiyar ƙasa, ko fuskar ruwa. Kada ka harbi kwalba. Kada ka harbi tsuntsu don gwada hannu: addininmu ya hana mai da abu mai rai abin koyon saiti, dokar tarayya ta 1918 kuma tana kare yawancin tsuntsayen da kake gani, har da jan tsuntsun nan da jihar ta ɗauka tambarinta. A hanya kuwa, bindiga babu harsashi, cikin jakarta, a but. In ɗan sanda ya tsayar da kai, hannuwanka a kan sitiyari, ka faɗa masa da baki abin da ke cikin motar kafin ka motsa. Ni da kai mun san launin fatarmu da irin harshenmu, ba sai na yi dogon bayani ba.

Abu biyu na jiki. Ƙarar .22 tana kusan desibel 140, ta isa ta ci kunne a hankali ba ka sani ba, don haka abin toshe kunne da tabarau dole ne. Sai dalma. Harsashin nan dalma ne, ƙurarsa tana maƙale wa hannu da riga, mu kuwa da hannu muke cin tuwo. Duk wanda ya tuna abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400, ba ya bukatar wa'azi a kan wannan. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka bar filin, ka cire rigar kafin ka ɗauki jariri.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe. Gidajenmu gidajen yara ne. Ranar suna ko ranar sallah yara ashirin suna iya cika falo, su shiga kowane ɗaki, su buɗe kowace durowa. Tun 2020 alƙaluman hukumar lafiya ta Amurka suke nuna cewa bindiga ce kan gaba wajen kashe yara da matasa a ƙasar nan, ta wuce haɗarin mota. Dokar Karolina ta Arewa tana hukunta wanda ya ajiye bindiga inda yaro zai kai gare ta har ya yi ɓarna da ita, amma hukuncin kotu ƙarami ne a kan abin da uba zai ɗauka a zuciya. Kada ka ce ai ƴar ƙarama ce, .22 tana kisa. Kada kuma ka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, don an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Akwatin ƙarfe mai kulle ka fara saya, kafin bindigar ta shigo gida. Harsashi a wani wurin daban, shi ma a kulle, makulli a jikinka. Ka yi shawara da uwargida tun kafin ka je shago, in ta ce hankalinta bai kwanta ba, ka haƙura ka riƙa karɓar haya a fili. In akwai wanda ke fama da baƙin ciki mai tsanani a gidan, ko rigima ta yi zafi tsakaninku, bindiga ta bar gidan sai ƙura ta lafa.

Mutanen wannan yanki sun daɗe da bindiga. A nan aka gwabza yaƙin Guilford Courthouse ranar 15 ga Maris 1781, kuma sunan janar ɗin Amurkawa na ranar, Nathanael Greene, garin ya ci. A ƙarni na 19 maƙeran Jamestown, nan kusa da mu, sun yi suna wajen ƙera dogayen bindigogin toka. Maƙwabcinka da ya gayyace ka, wataƙila yana ɗan shekara goma kakansa ya miƙa masa .22, ya koya masa dokokin tun kafin ya bar shi ya taɓa kunama: ka ɗauka kullum a ɗure take, kada bakinta ya kalli abin da ba ka nufa ba, yatsa a waje sai ka shirya, ka san abin da kake harbi da abin da ke bayansa. Mu ba mu gaji wannan ba, sai mun je mun koya. Hukumar kula da namun daji tana ba da darasin kiyaye haɗari kyauta, ka yi rajista ka zauna a aji tare da yaran Turawa, babu kunya a ciki. Bayan nan ka karɓi hayar mai sakata da mai ɗura kanta a rana ɗaya, ka harba hamsin-hamsin, ka ga wacce hannunka ya karɓa. In ka gama ka zo mu yi maganar madubi. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya kawo wa mutanenmu na gida sauƙin abin da ke damunsu.